Yadda Ake Tantance Ɗalibin Jami'a Mai Matsalar Koyo a Sakkwato

Da wuya a sami malamin da ya daɗe yana koyarwa a manyan makarantun Sakkwato bai haɗu da wani irin ɗalibi mai ɗaure kai ba. Ba ya fashin lakca, idan aka yi tambaya da baki yakan ba da amsa mai ma'ana, har abokansa kan kewaye shi a gindin dogonyaro ya yi musu bayani ana gobe jarabawa, amma da an buɗe takardar amsarsa sai a ga kamar wani ne daban ya rubuta ta: kalmomi a guntule, kalma ɗaya an rubuta ta iri uku a shafi ɗaya, tambayoyi biyu na ƙarshe kuma ko taɓa su bai yi ba. Hukuncin da aka saba yanke masa shi ne lalaci ko daƙiƙanci, a gida kuma wani lokaci a ce sammu ne. Wannan jagora na kodinetocin aji ne, da jami'an sashen ba da shawara, da duk malamin da yake son bin hanya mai tsari kafin ya yanke wa irin wannan ɗalibi hukunci.

Abin da ake nufi da lalurar koyo shi ne wahala mai ɗorewa a karatu, ko rubutu, ko lissafi, wadda tushenta ke cikin yadda ƙwaƙwalwa take sarrafa sauti da haruffa da lambobi, ga mutumin da hankalinsa da basirarsa suke daidai. Ta karatu ita ce ake kira disleksiya, ta lissafi kuma diskalkuliya. Kundin DSM-5, jagoran gano lalurorin ƙwaƙwalwa na ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka, wanda ya fito a 2013, ya ƙiyasta cewa kashi 5 zuwa 15 cikin 100 na yara 'yan makaranta suna da ita, a cikin manya kuma kusan kashi 4. Kundin ICD-11, jerin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, da ya fara aiki a Janairun 2022, shi ma ya ware mata gurbi. Dalilin da ya sa ba a gano ta a wurinmu sai an shigo jami'a ba ɓoyayye ba ne. Yaron da ya taso da hadda tun daga makarantar allo zai iya haye sakandare da ƙarfin kunne da riƙo, jarabawar JAMB kuma zaɓi ce tsakanin amsoshin da aka riga aka rubuta, saboda haka sai ya zo inda ake neman ya karanta shafi hamsin a mako ya kuma rubuta doguwar amsa cikin awa biyu sannan asirin ya tonu.

Aikin sassa biyu ne manya, tantancewa da tabbatarwa, kuma haɗa su wuri ɗaya shi ne kuskuren da ya fi yawa. Tantancewa aikin rariya take yi: tana ware wanda ya kamata a ƙara dubawa, ba ta faɗin abin da ke damunsa. Malami ko jami'in ba da shawara da ya sami ɗan horo zai iya yin ta. Tabbatar da lalura kuwa aikin ƙwararren masanin halayyar ɗan Adam ne ko likitan ƙwaƙwalwa, kuma ba wanda ya halatta ya ce wa ɗalibi "kana da disleksiya" don kawai ya cike wata takarda.

Mataki na farko: a shirya hanya kafin a kira kowa

Kafin a gayyaci ɗalibi ko ɗaya, a san wanda zai yi hirar, da ɗakin da za a yi ta, da inda za a ajiye takardu, da kuma wurin da za a tura wanda aka ga yana buƙatar ƙarin bincike. Tantancewar da ba ta da mafita cutarwa ce, domin an tayar wa mutum hankali an bar shi. Ofishin da malamai huɗu suke zaune ɗalibai na leƙowa neman sa hannu bai dace ba. A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Sakkwato kan haura digiri 40, a sa zaman da safe, domin gwajin saurin karatu da ƙarfe biyu na rana a ɗakin da ba wuta gajiya kawai zai auna. Idan ɗaliba ce, ya fi kyau mace ta yi hirar, ko a bar ta ta zo da wadda ta amince da ita.

A tanadi takardar amincewa cikin Hausa da Turanci, mai bayyana abin da za a yi, da wanda zai ga sakamakon, da cewa ɗalibi na iya janyewa ba tare da hakan ya taɓa makinsa ba. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ake ba kariya ta musamman. Wasu 'yan ajin farko ba su cika shekara 18 ba, don haka a nasu lamarin sai an nemi yardar iyaye ko waliyyi.

Mataki na biyu: gano waɗanda za a gayyata

Bai kamata a jira sai an sa ɗalibi a jerin waɗanda aka yi wa gargaɗin kora ba. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan sakamakon zangon farko na ajin farko. Kodinetan aji ya duba sakamakon yana neman saɓani, ba faɗuwa kawai ba: wanda yake cin kwasa-kwasan lissafi da aikin ɗakin gwaje-gwaje amma yana faɗuwa duk kwas mai dogon rubutu, ko akasin haka, wanda makinsa na aikin gida ke da kyau amma na ɗakin jarabawa ya rushe, wanda ya maimaita kwas ɗaya sau biyu alhali yana halartar aji. Daga nan a nemi takardun amsarsa biyu ko uku daga kwasa-kwasai daban-daban a karanta su da ido na bincike. Ana duba ko amsar farko tana da kyau sannan sauran suka zama gaggawa, ko akwai tsallake ƙananan kalmomi, ko ya kwafi kalma daga takardar tambaya ba daidai ba alhali tana gabansa, wanda shi ne alamar da na fi ba muhimmanci a wannan mataki.

A kuma buɗe ƙofa ga wanda zai kawo kansa, ta hanyar sanarwa a lokacin bitar sababbin ɗalibai. Kada a liƙa sunaye a allon sanarwa, kada kuma a aika ta bakin wakilin aji. Kira na sirri ya isa, da magana mai sauƙi kamar: "Na ga ƙoƙarinka a aji ya fi abin da ke fitowa a takarda, ina so mu zauna mu duba dalili."

Mataki na uku: hirar tarihi

Wannan hira ita ce ginshiƙin aikin, kuma tana cin kamar awa ɗaya idan za a yi ta yadda ya kamata. A fara da barin ɗalibi ya faɗi matsalar da bakinsa, a harshen da ya fi sakewa. Sau da yawa abin da za a ji bai wuce, "Malam, ni kam ina karatu, amma da na zamna ɗakin jarabawa sai komi ya watse" ba. Aikin mai hira shi ne ya warware wannan dunƙule: shin tambayar ce ba ya gama karantawa da wuri, ko ya san amsar amma rubuta ta ke gagara, ko hankalinsa ke tafiya wani wuri, ko kuwa gabansa ke faɗuwa hannu na rawa? Kowace amsa hanya daban take nunawa.

Daga nan a koma baya zuwa ƙuruciya, domin lalurar koyo ba ta farawa a jami'a. A tambayi shekarar da ya fara haɗa baƙi da wasali ya karanta da kansa, da ko ƙannensa sun riga shi, da ko ya maimaita aji. A tambayi yadda ya kasance a makarantar allo ko Islamiyya, kuma a nan akwai tambaya mai fa'ida ƙwarai: shin idan malam ya biya masa yakan riƙe nan take, amma idan aka ce ya karanta sabon allo shi kaɗai ko ya rubuta da kansa sai ya tsaya? Wanda ya sha wannan wahala a baƙaƙen Larabci, ya kuma sha ta a boko, ya ba da hujja mai ƙarfi, domin rubutu biyu ne daban da malamai daban. A tambayi ko akwai wani a gidan da karatu ya gagara duk da kaifin basirarsa, saboda lalurar tana bin jini.

Sai tarihin makaranta, wanda a yankinmu shi ne ya fi rikita hukunci. Wace firamare ya yi, yara nawa ne a ajin, akwai malamin Turanci ko babu, da wane harshe ake koyarwa a zahiri? Ya taɓa yin shekara ba makaranta saboda rashin tsaro, ko ƙaura, ko noma, ko rashin kuɗi? Ɗalibin da ya fito daga ƙauyen da aka rufe makarantarsa tsawon lokaci zai iya yin kama da mai disleksiya a takarda, alhali abin da ya rasa koyarwa ce.

A ƙarshe tarihin lafiya. Sakkwato na cikin yankin da sanƙarau ke yawan ɓarkewa, an ga babbar annoba a 1996 an kuma ga wata a 2017, kuma cutar kan bar raunin ji ko na riƙo ga wanda ya tashi. A tambayi zazzaɓin cizon sauro da ya kai ga suma ko jijjiga, da shawara mai tsanani bayan haihuwa, da farfaɗiya, da buguwar kai a haɗarin babur. Mai sikila na iya samun ƙaramar toshewar jini a ƙwaƙwalwa ba tare da an lura ba, ta rage masa saurin tunani. Ga ɗalibin da ya taso a yankunan Anka ko Bukkuyum na Zamfara, a tuna da gubar dalma da aka gano a ƙauyukan masu haƙar zinariya a 2010, domin yaran da suka rayu a lokacin su ne yanzu suka kai shekarun jami'a. Idan ɗalibin bai san amsoshin ba, a nemi izininsa ya tambayi mahaifiyarsa ko yayarsa, su ne ke riƙe da irin wannan labari.

Mataki na huɗu: a kawar da abin da ya fi sauƙi

Ba a gwada karatun mutumin da ba a tabbatar yana gani ba. A tura shi asibitin makaranta a auna idonsa, na nesa da allon haruffa a tazarar mita 6, da kuma na kusa, sannan a duba kunnensa. Idan an ga alamar matsala, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo yana da sashen ido da na kunne, hanci da maƙogwaro. Akwai ɗaliban da duk damuwarsu tabarau ce.

A tambayi barci da abinci ba tare da kunyatarwa ba: awa nawa yake kwana, sau nawa yake ci a rana, yana sana'a bayan lakca, daga ina yake zuwa Dundaye, inda babban mazaunin Jami'ar Usmanu Danfodiyo yake, kullum? A tambayi shan ƙwayoyi irin su tiramadol da maganin tari mai kodin, a kuma nuna masa cewa amsar ba za ta je kwamitin ladabtarwa ba. Don ciwon damuwa akwai takardar PHQ-9 mai tambayoyi 9, makinta daga 0 zuwa 27, ta fargaba kuma GAD-7 mai tambayoyi 7, makinta daga 0 zuwa 21. A duka biyun, maki 10 zuwa sama na nufin a tura shi ga likita. Tambaya ta tara a PHQ-9 kan tunanin cutar da kai take, kuma duk wanda ya amsa ta da e, ko da sauran makinsa kaɗan ne, a ajiye maganar karatu a haɗa shi da likita a ranar. A lura cewa damuwa na iya zama sanadin faɗuwa, tana kuma iya zama sakamakon shekarun da aka yi ana faɗuwa, don haka samun ta bai rufe binciken ba.

Mataki na biyar: takardun tantancewa

Akwai jerin tambayoyin disleksiya na manya da ake samu kyauta, masu tambayar abubuwa kamar rikita dama da hagu, ɓata layi a karatu, da wahalar cike fom. Don matsalar rashin tattara hankali, wato ADHD, wadda sau da yawa take tafiya tare da lalurar koyo, akwai ASRS ta Hukumar Lafiya ta Duniya mai tambayoyi 18. Idan huɗu daga shidan farko suka nuna alama, a ƙara bincike. Duk waɗannan an tsara su ne a ƙasashen da Turanci yake harshen uwa, saboda haka a karanta wa ɗalibi su da baki, a fassara inda ya tsaya, a kuma nemi misali a kan kowace amsa. Makinsu shaida ɗaya ce cikin shaidu.

Mataki na shida: a gwada shi a harshen da ya mallaka

Wannan shi ne matakin da, a ganina, ya fi kowane muhimmanci a Sakkwato, kuma shi ne aka fi tsallakewa. Ɗaya daga sharuɗɗan DSM-5 shi ne kada wahalar ta kasance saboda rashin ƙwarewa a harshen koyarwa ko rashin ingantacciyar koyarwa. Idan aka gwada Bahaushe ko Bafulatani ko Bazabarme da Turanci kaɗai, ba yadda za a raba wanda ƙwaƙwalwarsa ke wahala da haruffa da wanda Turancin ne bai ishe shi ba.

A shirya nassi biyu masu tsawo ɗaya, kamar kalma 200 kowanne, ɗaya na Turanci daga littafin kwas ɗinsa, ɗaya na Hausa mai sauƙi. Ya karanta a bayyane, mai gwaji na riƙe da kwafi da agogo, yana alama a kan kalmar da aka tsallake, ko aka musanya, ko aka maimaita, sannan ya lissafa kalmomin da aka karanta daidai a minti ɗaya. Bayan haka a yi masa tambayoyi biyar a kan abin da ya karanta. Sai mai gwaji ya karanta masa wani nassi makamancinsa da kansa, ya sake yin tambayoyi biyar. Idan fahimtarsa ta kunne ta yi wa ta ido nisa, an sami alama. Idan duka biyun sun yi rauni a Turanci amma sun yi kyau a Hausa, to harshe ne matsalar. Rubutun Hausa na boko yana bin furuci sosai, don haka mai disleksiya ba lallai ya yi kurakurai da yawa a cikinsa ba, abin da zai bayyana shi ne jinkiri da wahala, yana bin gaɓa-gaɓa yana sa yatsa. Amma a fara tambayar ko ya saba karanta Hausa, domin akwai masu jin ta da ba su taɓa karanta shafi guda ba.

Gwajin da ya fi kauce wa tasirin makaranta shi ne na sarrafa sauti, kuma ana iya yin sa da Hausa tsantsa. A ce ya faɗi "karatu" ba tare da "ka" ba. A ce ya musanya sautin farko na kalmomi biyu, yadda "farin doki" zai koma "darin foki", a ba shi misali biyu sannan a ba shi goma. A rubuta masa ƙagaggun kalmomi marasa ma'ana masu bin tsarin Hausa, irin su "lumbaso" da "ƙirdafe", ya karanta, domin a nan hadda ba ta ceto. A karanta masa lambobi ya maimaita su a jere, sannan daga baya zuwa gaba, ana ƙara tsawo. A ba shi takarda mai jerin lambobi ko launuka ya ambace su da iyakar saurinsa. Babban mutum mai basira da yake daburcewa a waɗannan, yana ɗaukar lokaci mai tsawo a kan abin da abokansa ke yi suna dariya, ya cancanci cikakken bincike.

A rubutu, a yi masa shifta a harsunan biyu, sannan a ba shi minti 10 ya rubuta abin da ya sani sosai, bayan ya faɗe shi da baki tukuna, don a kwatanta abin da ke kansa da abin da ya isa takarda. A nan sai an yi hattara da abin da ba laifi ba ne. Musanya "p" da "f" a Turanci tasirin Hausa ne da kowa ya sani. Barin lanƙwasar ƙ da ɗ da ɓ al'adar rubutun waya ce. Siffofin Sakkwatanci a rubutu kuma kari ne na harshe. Abin dubawa shi ne juya jerin haruffa a cikin kalma, da yar da gaɓa, da rubuta kalmar da ko an furta ta ba ta kama da abin da ake nufi. Idan za a ƙara da nassin Larabci, a yi amfani da irin rubutun da ya koya, domin wanda ya taso da Warshu ya saba da fa mai ɗigo a ƙasa da ƙaf mai ɗigo ɗaya a sama, kuma a zaɓi abin da bai haddace ba.

A lissafi, a haɗa na takarda da na rayuwa: canjin naira 1,000 bayan sayayyar 650, wanne ya fi girma tsakanin 1,050 da 1,500, ƙiyasin mutanen da ke cikin ɗaki, da karanta agogo mai hannu. Wanda yake lissafin kasuwa da ka cikin sauri amma aljabara ta gagare shi koyarwa ya rasa. Wanda har yanzu yake ƙirga 7 da 8 da yatsu a ƙarƙashin tebur lamarinsa daban ne.

Tunda waɗannan gwaje-gwaje na gida ne, a yi wa ɗalibai kamar 30 zuwa 50 na aji ɗaya da suka yarda irinsu, ba tare da rubuta sunaye ba, don a san matsakaicin abin da tsaransa ke yi. Da wannan ake auna shi, ba da ɗalibin Ingila ba.

Mataki na bakwai: auna shaidu

Yanzu a zauna da duk abin da aka tara. Yawanci ɗalibai kan kasu uku. Akwai wanda aka sami dalili bayyananne, ido ko kunne ko damuwa ko yunwa, sai a bi wannan a sake dubawa bayan an magance. Akwai wanda giɓin koyarwa ko na Turanci ne, sai a sa shi a ƙarin darasi mai tsari na tsawon zango. Akwai kuma wanda tarihinsa tun ƙuruciya, da takardun amsarsa, da gwajin Hausa duk suka nuna wuri ɗaya, shi ne za a tura. Wanda aka yi shakka a kansa a fara ba shi taimakon a ga yadda zai karɓa, domin DSM-5 ma ya sharɗanta cewa wahalar ta ɗore aƙalla wata 6 duk da taimakon da aka nufa gare ta. Mai giɓin koyarwa yakan yi tsalle idan ya sami malami, mai lalura kuwa yana ci gaba a hankali, saurin karatunsa ya fi komai jinkirin gyaruwa.

Mataki na takwas: cikakken bincike

A rubuta wasiƙar turawa mai ɗauke da taƙaitaccen tarihi, da sakamakon ido da kunne, da kwafin rubutunsa. A Sakkwato ana iya fara tambaya a sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa ko a Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware, a kuma tuntuɓi malaman nazarin halayyar koyo a tsangayar ilimi. A tambaya tun kafin a tura ko akwai mai yin gwajin koyo na manya da kuma kuɗinsa. Sunan Kware kaɗai kan tsorata iyali, don haka a bayyana wa ɗalibi cewa auna yadda yake koyo za a yi, ba wanda ya ce ya taɓu.

Ƙwararren zai yi amfani da gwajin basira irin WAIS, da na karatu da rubutu da lissafi irin WRAT. A waɗannan ma'aunai matsakaici shi ne 100, kuma DSM-5 ya nuna cewa maki 78 zuwa ƙasa a fannin da ake zargi shi ne ya fi ba da tabbaci, ko da yake ya bar wa mai bincike damar yin la'akari da sauran shaidu. An daidaita ma'aunan ne da mutanen Amurka da Turai, kuma sassan da suka dogara da kalmomin Turanci da al'adun can kan rage wa ɗalibinmu maki ba da haƙƙi ba. Rahoto nagari zai faɗi wannan a fili, ya jingina hukuncinsa ga tarihi da yanayin kurakurai fiye da lamba guda. Don tabbatar da ADHD ga wanda ya kai shekara 17, ana neman alamu aƙalla biyar daga rukuni ɗaya, waɗanda wasunsu suka bayyana kafin shekara 12, kuma a wurare biyu ko fiye, kamar gida da makaranta. Maganinta likita ne kaɗai ke rubutawa.

Mataki na tara: sanar da ɗalibi da aiwatar da sauƙaƙawa

A faɗa masa sakamakon ido da ido, a fara da abin da ya ƙware a kai, sannan a bayyana wahalar da kalmomin da zai iya maimaita wa mahaifinsa. Idan iyali suna yin addu'a ko ruƙiya, ba sai an yi jayayya da su ba, a nuna musu cewa wannan neman sababi ne da ke tafiya tare da addu'ar. Shi ɗalibin ne zai zaɓi wanda za a gaya wa. Malamin kwas ba ya buƙatar ganin rahoton, takarda mai layi uku da ke faɗin sauƙaƙawar da aka amince da ita ta wadatar.

Sauƙaƙawar ta bi abin da aka gano. Mai jinkirin karatu a ƙara masa lokaci, kuma abin da aka saba a jami'o'in Birtaniya shi ne kashi 25 cikin 100, wato minti 30 a jarabawar awa biyu, minti 45 a ta awa uku. Mai saurin shagala a ba shi ƙaramin ɗaki ko kujerar gaba. Mai matsalar rubutu a bar shi ya buga a kwamfuta, ko a daina cire masa maki a kan kuskuren haruffa a kwas ɗin da ba harshe ake aunawa ba. A yarda ya naɗi lakca a waya, a ba shi handawut a fayil tun kafin aji don manhajar karanta rubutu ta karanta masa, a kuma duba yiwuwar rage masa nauyin kwasa-kwasai a zango gwargwadon abin da dokar jami'a ta yarda. Abin da ake aunawa a kwas ba ya canzawa, hanyar nuna shi ce ake gyarawa. Don kada abin ya rataya a kan kirkin malami ɗaya, a kai buƙatar a rubuce ta hannun shugaban sashe zuwa shugaban tsangaya da jami'in jarabawa, a kafa hujja da dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci ta 2018, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, da kuma misalin JAMB, da ta kafa rukuni na musamman tun 2017 don shirya wa makafi da wasu masu buƙata ta musamman jarabawa.

A sa ranar sake zama bayan fitowar sakamakon zango na gaba, a kwatanta sababbin takardun amsa da tsofaffin: ya kai tambayar ƙarshe a wannan karon, ya yi amfani da ƙarin lokacin, masu sa ido a ɗakin jarabawa sun san da maganar? Abin da bai yi amfani ba a cire shi, a gwada wani. Idan ya kai ajin ƙarshe, a sanar da malamin da zai duba kundin bincikensa tun kafin a zaɓi batu, bisa yardar ɗalibin, a raba aikin babi-babi da wa'adi gajeru, domin a nan ne wanda ya lallaɓa ya haye jarabawa yake yawan maƙalewa. Fayil ɗinsa kuma ya zauna a kulle a sashen ba da shawara, a ba shi kwafin rahoton a hannunsa, saboda zai buƙace shi idan ya nemi digiri na biyu ko jarabawar ƙungiyar sana'arsa.